Dacewa Ba Dangantaka Ba Ce

'Yan'uwana ɗalibai, wani abu ne ya faru a ajinmu ya sa na ɗauki alƙalami. Mu 30 ne a ajin. Ranar cike takardun rajista sai aka gano cewa biyu daga cikinmu, namiji da mace, ranar haihuwarsu ɗaya. Nan fa aji ya kaure da sowa, har wasu na cewa aure ne ke tafe.

Ni kuwa a ganina abin bai kai mamakin da muka yi ba. Idan ka ɗauki mutum biyu kawai, damar su dace a rana ɗaya ita ce 1 cikin 365. To amma a aji kowa ake gwadawa da kowa. Mutum 23 za a iya haɗa su bibbiyu ta hanya 253, shi ya sa masana lissafi suka nuna cewa a cikinsu damar samun masu rana ɗaya ta ɗan haura kashi 50 cikin 100. A mutum 30 kamar mu, hanyoyin sun kai 435, damar kuma ta kai kashi 70.

Mu dawo gida. Bahaushe kan yi wa yaro laƙabi da ranar da aka haife shi: Ladi, Talatu, Balarabe, Ɗanjuma. Ranakun mako 7 ne, don haka duk inda mutum 8 suka taru, dole biyu su haɗa rana. Ko mutum 4 ne, damar ta kai kashi 65.

Ina ruwan ɗalibin harshe da wannan lissafi? Ruwansa babba ne. Sau nawa muka ji ɗalibi ya tsinci kalmomi biyar masu kama da juna a Hausa da wani harshe mai nisa, ya yanke hukuncin cewa asalinsu ɗaya? Sautukan kowane harshe 'yan kaɗan ne, kalmominsa kuwa dubbai. In ka gwada dubbai da dubbai, dole wasu su yi kama. A Farisanci da Turanci kalmar "bad" na nufin abu maras kyau, alhali ba tushensu ɗaya ba, kuma babu wanda ya ara daga wani.

Abin da ya zaunar da Hausa cikin harsunan Cadi shi ne daidaiton sautuka mai bin ƙa'ida a kalmomi masu yawa, irin aikin da Paul Newman da Roxana Ma suka buga a 1966.

Saboda haka, kafin mu rubuta "wannan daga wancan ya fito" a kundin kammala digiri, mu tambayi kanmu: kalmomi nawa na gwada kafin na samu waɗannan? Kama da wane ba ta wane. Allah ya sa mu dace.