Bayan an naɗe tabarmi

A wajen jana'iza ba mu da na biyu. Kakanninmu sun zo haƙar kuza ba dangi, masallaci ya zame musu dangi. Har yau, da an sanar da rasuwa a Gangare ko Anguwan Rogo, kafin azahar an yanka likkafani, 'yan agaji sun ɗauki makara, samari sun haƙa kabari a maƙabartar Zaria Road.

To, sai me? Mu baje kan tabarma kwana uku, ana fito mana da shinkafa daga gidan mamaci, wani har da neman ƙari. Alhali da Ja'afar ya yi shahada, Annabi (SAW) umarni ya yi a dafa wa iyalinsa. Mu mun juya abin.

Ana naɗe tabarmi kowa ya kama gabansa. Matar tana takaba wata huɗu da kwana goma, ba sana'a, mai gidan haya na sallama a ƙofa, an koro yara kan kuɗin makaranta. Masallacin da ya iya tara kuɗin tayil da sabuwar lasifika ba zai gagara buɗe asusun takaba ba. Limamanmu, wace Juma'a za ku sanar?