Zuwa Ga Kafintoci Da Magina: Ku Bi Sawun Ruwa Kafin Ku Zargi Gara

 

Dalilin wannan takarda shi ne tsofaffin azarori da katakan da ke riƙe da sorayenmu, da zaurukan fada, da masallatan cikin birni. Sau da yawa idan aka kira ɗayanku ya duba rufin da ya lotsa, hukuncin ɗaya ne: "Gara ta cinye, sai a sauke a buga kwano." Roƙona shi ne ku riƙa jinkirta wannan hukunci. Gara ba ta cika zuwa haka kawai ba, danshi ne ke yi mata jagora. Itacen da ya bushe, iska kuma tana ratsa shi, yakan ga jikokin jikokin wanda ya sare shi.

Kafintocin Norway sun koyi wannan tun da daɗewa. Majami'unsu na katako na farko, a cikin ƙasa aka kafa ginshiƙansu, suka ruɓe daga gindi, yau sai ramukansu masu tonon tarihi ke samu. Daga baya suka sauya dabara: a jera duwatsu, a kwantar da katako a kansu, sannan a tsayar da ginshiƙan a bisa, yadda ba sa taɓa ƙasa. Majami'ar Urnes, wadda aka gina wajen 1130, tana nan tsaye a ƙasar da ruwa da ƙanƙara ba sa ɗaga ƙafa. Guda 28 irinta suka rage, kuma har gobe ana bin su da kwaltar da ake tatsowa daga itace, domin ruwa ya zame ya wuce.

A Japan kuwa, wurin ibadar Horyu-ji da ke kusa da Nara yana da gine-ginen katako da suka haura shekara 1,300. An yi masa babban gyara daga 1934 zuwa 1985, kuma cikin waɗanda suka yi aikin har da shahararren kafinta Nishioka Tsunekazu. Kwance gini suke yi sannu a hankali, kowane katako da lambarsa. Inda ya ruɓe a yanke wurin kaɗai, a ɗora masa sabo daga irin itacensa, a mayar da shi mazauninsa. Amma ko su ba su tsira ba: a 1949, ana tsakiyar aikin, wuta ta tashi ta lalata tsofaffin zane-zanen bangon babban ɗakin. Saboda haka duk wanda zai ja wayar lantarki ta bayan busasshiyar azara, ko ya kunna walda a ƙarƙashinta, ya san abin da yake wasa da shi.

Mu dawo gida. Azarar da aka faso daga namijin giginya tauri gare ta, gara ma ba ta cika kula ta ba. Lagonta yana kanta, wato inda ta nutse cikin bango, ido ba ya gani. Don haka lokacin duba soro shi ne bayan an ɗauke ruwan sama, tun bango bai sha iska ba. Ku tsaya ƙarƙashin indararo ku ɗaga kai. In kun ga baƙin tabo ya gangaro ta gefensa, ruwa yana bin bango maimakon ya faɗa nesa. Ku shiga ciki daidai wurin, ku ƙwanƙwasa azarar da ƙotar guduma: lafiyayya amo gare ta, wadda cikinta ya tafi kuwa sai ku ji dif. Ku soka ƙusa a kanta, in ta shige ba gardama, an sami matsala. Ku kuma duba ƙasa. Gari mai laushi a daɓe tare da ƙananan huji a jikin itace aikin ƙwaro ne, siririyar hanyar laka da ta hau bango kuwa ta gara ce, kuma kowanne da maganinsa. In hanyar gara ce, ku bi ta har inda ta fito, galibi za ta kai ku gindin randa, ko kwatar da ta toshe, ko itacen girkin da aka jingina da bango.

Abu uku nake so ku yi hattara da su. Na farko siminti a kan ginin ƙasa. Ranar da aka shafa kyau gare shi, amma da ya tsage ruwa zai shiga ya rasa mafita, ya kwanta a kan azara yana cinta a ɓoye. Makuba da laso da kakanninku suka yi aiki da su sun fi dacewa da jikin ƙasa. Na biyu baƙin mai da fenti. Shafa su a kan jiƙaƙƙen katako rufe ciwo ne da ƙyalle, a fara tsayar da yoyon tukuna, itace ya bushe, sannan a sa maganin gara. Na uku nauyi. Kowace shekara a ƙara yaɓe a kan rufi ba a kankare na bara ba, har azara ta ɗauki kayan da ba a auna mata ba. Idan kuma sauyi ya zama dole, a tokare rufin, a zare wadda ta mutu kaɗai, a sa azara a gurbin azara. Ƙofar maɗaci ko ta ƙirya da gindinta ya ci, ƙafa za a yi mata, ba a yar da ita a kawo ta ƙarfe ba.

Maganar ba ta ado ba ce kawai. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wani ɓangarensa ya rufta a watan Agustan 2023 ana sallar La'asar, aka yi asarar rayuka. Allah Ya jiƙansu. Duk tsohon rufi akwai mutane a ƙarƙashinsa.

Na san sauke rufi ya fi kawo kuɗi a tashi ɗaya. Amma ku gwada yin yarjejeniya da masu gidaje da kwamitocin masallatai: zuwa biyu a shekara, ɗaya kafin ruwan farko, ɗaya da kaka, a biya ku ladan dubawa ko ba ku buga ƙusa ba. Ku riƙa rubuta abin da kuka sauya da shekarar da kuka sauya shi, domin wanda zai gaje ku. Kuma ku tafi da yaran shagonku, su ji amon azara da kunnensu tun masu iya bambance shi suna raye.

Allah Ya yi wa sana'a albarka, Ya tsare hannuwanku.

Wassalam,
Ɗan'uwanku mai ƙaunar aikinku.