Rumfar Mai Ƙosai: Martani Ga Masu Yatsina

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mu ɗalibai mun fi kowa sanin gaskiyar wannan magana, domin kuwa babu wanda ya taɓa fahimtar laccar ƙarfe takwas na safe alhali cikinsa na kiran ciroma. Saboda haka batun inda ɗalibi zai karya kumallo a cikin babban birni irin Kano batu ne da ya cancanci a tattauna shi a wannan mujalla kamar yadda ake tattauna kuɗin makaranta da na ɗakin kwana. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami kuwa shi ne irin cin mutuncin da ake yi wa wuraren da ke ciyar da mu, watau rumfunan masu ƙosai da koko, da teburan masu shayi, da 'yan ɗakunan langa-langa waɗanda hayaƙi ya baƙanta, maiƙo ya dafe bencinsu.

Masu wannan cin mutunci iri biyu ne. Na farko suna cikinmu: 'yan'uwanmu ne ɗalibai waɗanda daga shigowarsu jami'a suka koyi toshe hanci idan sun gifta ta gaban kaskon suya, wai su sun waye, alhali kuwa da yawansu da kuɗin ƙosai da ƙuli-ƙuli iyayensu mata suka saya musu littafin farko na firamare. Na biyu su ne masu iko, waɗanda duk lokacin da suka tashi ƙawata gari, ko za a yi wani babban baƙo, sai su aiko da motar rusau ta bi ta kan rumfar talaka. Dukansu da kalma guda suke fakewa, watau tsabta. To, bari mu bi zancen daki-daki.

Da farko dai ya kamata a tuna yadda aka yi ɗalibin jami'a ya koma neman abinci a bakin titi. A da jami'o'in ƙasar nan suna da ɗakunan cin abinci waɗanda gwamnati ke tallafawa, kuma ba a banza aka riƙe su ba, jini aka zubar a kansu. Ranar 1 ga Fabrairu, 1971, 'yan sanda suka harbe Kunle Adepeju a Jami'ar Ibadan, a lokacin zanga-zangar da ta samo asali daga kokawa kan abinci. A watan Afrilu na 1978, zamanin mulkin Janar Obasanjo, aka ƙara kuɗin abincin ɗalibi daga Naira 1.50 zuwa Naira 2.00 a rana. Wannan ƙarin kwabo 50 shi ya tayar da boren da aka yi na neman Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilmi na tarayya, ya sauka. Aka kashe ɗalibai a Legas da Zariya, aka kuma haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS. Kafin tsakiyar shekarun 1980 ta wuce, gwamnatin soja ta janye hannunta daga ciyar da ɗalibai, sa'an nan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. Tun daga nan kowa tasa ta fisshe shi.

To, da gwamnati ta kife tukunyarta, wa ya ɗora tasa? Manyan otal-otal ba su buɗe mana ƙofa ba, gidajen abinci masu gilashi da na'urar sanyaya ɗaki ma haka. Matan nan ne da ke tashi kafin kiran assalatu su surfe wake, da samarin nan da ke hura gawayi ƙarƙashin tukunyar shayi tun duhu bai washe ba. Su suka riƙe mu a zamanin tsuke bakin aljihu, su ne kuma suka riƙe mu bayan 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka janye tallafin man fetur, har hauhawar farashin abinci ta zarce kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. A wannan shekarar ce aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 70,000 a wata. Mai shakka ya raba wannan kuɗi gida 30, ya ɗauki kason rana guda ya shiga da shi ɗaya daga cikin gidajen abincin nan na zamani, ya ga ko zai fito da canji. Wannan fa lissafin ma'aikaci ne mai albashi, ina ga ɗalibin da ke jiran aike daga gida?

Ga sababbin ɗalibai waɗanda ba su san gari ba, muna ganin wajibi ne mu faɗa musu yadda ake nemo irin waɗannan wurare, tun da ba su da allo a ƙofa, ba a kuma tallarsu a rediyo. Dokar farko ita ce sammako. Ka fito bayan sallar asuba ka bi sawun mutanen da ke cin abinci da guminsu: 'yan dako, leburorin gini, masu gadi da suka tashi daga aikin dare, direbobin A Daidaita Sahu. Waɗannan ba su da kuɗin ɓatawa, ba su da lokacin jinya, saboda haka inda ka ga sun yi cincirindo, to, a nan abinci yake da auki da araha. Ka duba bakin tashoshin mota, da ƙofofin kasuwanni irin su Kantin Kwari da Sabon Gari da Kurmi da Ƙofar Wambai, da lungunan Fagge, da gefen manyan masallatai. Idan ka rasa, tambayi kowane yaron mota ina ake shan koko a nan, zai nuna maka da baki.

Abin da za ka tarar kuwa ba kaɗan ba ne. Ga ƙosai ana tsamo shi da matsami yana tsiyayar mai, ga kokon gero mai ƙamshin citta da kanumfari da masoro. Ga waina a tanda, a ci da miyar taushe ko da ƙuli. Ga ɗanwake da mai da yaji, wanda idan ka ci shi da hantsi ba ka sake tuna abinci sai la'asar. Ga gurasa bandashe, wadda Kanawa ke alfahari da ita, an barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli da albasa. Ga kunun gyaɗa, ga fanke, ga garau-garau. Sai kuma teburin mai shayi, da gwangwanayen madara jere kamar sojoji, inda mai hali zai ce a yi masa haɗin kauri da wainar ƙwai, ko Indomie wadda ta mamaye teburan tun bayan da aka fara yin ta a ƙasar nan a shekarun 1990, marar hali kuma ya sha ruwan bunu da rabin burodi, babu mai harararsa. A kan bencin nan malami da almajiri, ɗan kasuwa da ɗan dako, kafaɗa da kafaɗa suke zama. A nuna mana wani wuri a birnin nan, ban da sahun salla, inda ake samun haka.

Yanzu sai mu zo ga batun tsabta, wanda shi ne takobin masu yatsina. Muna roƙonsu, tun da suna taƙama da boko, su yi amfani da shi. Cututtukan da ake ɗauka ta hanyar ci da sha, irin su kwalara da taifot, ta gurɓataccen ruwa da hannu marar tsabta da abincin da ya huce ƙudaje suka bi ta kansa suke yaɗuwa. Ruwa na tafasa a digiri 100, man suya kuwa yakan kai wajen digiri 170 zuwa 180. Ƙosan da aka tsamo daga wannan mai a gaban idonka, da kokon da aka dama da tafasasshen ruwa, sun fi aminci bisa ga ganyen salak ɗin da aka yanka tun jiya a bayan wani kyakkyawan bango, aka ajiye a firjin da wuta ta ɗauke masa rabin dare. Mai ƙosai a fili take aikinta, kowa na ganin hannunta da kaskonta. Kicin ɗin babban otal kuwa, wane ne cikinmu ya taɓa leƙa shi? Baƙin bango da dauɗar benci suna ɓata wa ido rai, amma ba su ke kwantar da mutum a asibiti ba.

Duk da haka ba za mu yi wa kanmu ƙarya ba, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai mai suyar da ke maimaita mai har ya koma baƙi kamar na inji, wannan kuwa cuta ce ga jiki. Akwai mai shayin da zai wanke kofi hamsin a cikin ruwan roba ɗaya. Akwai zuba koko mai zafi a leda, da naɗe ƙosai a tsohuwar jarida mai tawada. Akwai gidajen burodin da ke sa sinadarin kumbura ƙulli wanda hukumar NAFDAC ta haramta. Mafi muni duka, akwai 'yan mata ƙanana da ke zaune gaban kasko ko suna yawon talla a lokacin da ya kamata a ce suna aji. Duk mun san wannan, kuma ɗalibi mai hankali zai duba launin mai, ya duba ruwan wanke-wanke, ya zo da kofinsa idan ya ga dama, ya kuma bar wurin da bai gamsu da shi ba. Amma tambayarmu ga masu iko ita ce: wanne daga cikin waɗannan aibobi motar rusau ta taɓa gyarawa?

Ai an gwada. An ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a a watan Maris na 1984, da aka zo matakin tsabtace muhalli a 1985 aka rushe rumfuna da tebura ba adadi a biranen ƙasar nan. Shekaru sun shuɗe, rumfunan sun dawo, domin yunwar da ta kafa su ba ta je ko'ina ba. Mai shayi na wanke kofi a ruwa ɗaya ne saboda famfon unguwarsa ya ƙafe, jarka yake saye daga 'yan garuwa. Mai ƙosai na zaune a bakin kwata ne saboda babu wanda ya yanka mata wuri mai magudana. Hukumar da ta kasa kawo ruwa, ta kasa kwashe shara, amma ba ta taɓa kasa aiko mai yankan rasit kowace safiya ba, da wane baki za ta kira talaka ƙazami?

Mun ga haka da idonmu. Akwai wata dattijuwa da muke kira Iya, wadda ta shekara da shekaru tana suya a wata kwana kusa da inda da yawanmu ke haya. Tana da wani tsohon littafi da jikanta ke rubuta mata sunayen masu cin bashi, kuma ba mu taɓa jin ta tozarta wani a gaban jama'a ba. Idan ƙarshen zango ya zo, aljihu ya bushe, sai ta dube ka ta ce, "Ɗana, zauna ka ci, in aike ya zo ka kawo." Ta kuma ƙara maka gyara. Wata safiya muka zo muka tarar da langa-langarta a lanƙwashe, murhunta a farfashe, an ce ta tare hanya. Ba takarda, ba gargaɗi, ba diyya. A makon nan mutum nawa ne cikinmu suka shiga jarrabawa da azumin dole? Waɗanda suka ba da umarnin kuwa a gida aka soya musu ƙwai.

Daɗin daɗawa, a duba inda kuɗin ke tafiya. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita. Geron koko da waken ƙosai daga gonakinmu suke fitowa, su bi ta kasuwanni irin ta Dawanau, su ratsa hannun mai awo da mai niƙa da mai itace kafin su iso kasko. Duk Nairar da ka ba mai ƙosai a cikin talakawa take zagayawa. Alkamar da ake yin burodi da kek da sauran kayan maƙulashe na gidajen gilashi kuwa, mafi yawanta daga ƙasashen waje ake shigo da ita da kuɗin musaya. Abin dariya ma shi ne, a Ankara da Kumasi ta ƙasar Gana, koko da ƙosai karin kumallo ne na kowa da kowa, har ma da sunan Hausawa suke kiran kokon. Baƙi na girmama abincinmu, mu kuwa 'ya'yan gida muna jin kunyarsa. Wannan wace irin wayewa ce?

Saboda haka muna kira da babbar murya. Ga hukumomi: a ware wa masu abincin safe wurare a kusa da tashoshi da kasuwanni da makarantu, da famfo da magudana da wurin zuba shara, tun da ana karɓar harajinsu. A dawo da aikin dubagari na gaskiya, mai koyarwa da gargaɗi kafin hukunci, a kuma daina rusau ba tare da sanarwa da madadin wuri ba. Ga ƙungiyarmu ta ɗalibai: ta san masu ciyar da 'ya'yanta, ta zauna da su a kan farashi da tsabta, ta tsaya musu ranar da aka zo da mota. 'Yan'uwanmu masu karatun likita da kimiyyar abinci kuma su fita daga ɗakin gwaji su je su nuna wa Iya da takwarorinta lokacin da ya kamata a zubar da mai. Ga masu yatsina kuwa, ba mu hana kowa cin abin da aljihunsa ya iya ba, amma wanda bai taɓa ciyar da ɗalibi ko da loma ɗaya ba, ya kama bakinsa daga zagin waɗanda suka ciyar da dubbai.

Gobe da asuba muna bakin kasko kamar kullum. Wanda ya ci bashin Iya bai biya ba, ya neme ta a sabon wurin da ta koma, bayan tasha, ya sauke nauyi.