Yankan Farce: Da Hannunka Ko Da Hannun Mai Sana'a?

 

Wani bawan Allah ya aiko mini da tambaya a kan ƙanwarsa, wadda aka kai ta wurin masu gyaran amare gab da bikinta, aka liƙa mata farcen roba a bisa nata, aka shafe shi da jan farce. Ta yi kwana goma sha biyu tana alwala tana salla a haka, kafin wata malama ta gan ta ta tsawata mata. Yana tambaya: mene ne hukuncin sallolinta? Kuma shin ya halatta ma mutum ya kai hannunsa a gyara masa farce, ko kuwa lalle sai ya yanke da kansa?

Mu fara daga tushe. Yankan farce yana cikin abubuwa biyar na fiɗira da suka zo a hadisin Abu Huraira wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, tare da kaciya, da aske gashin mara, da rage gashin baki, da cire gashin hammata. Kuma Muslim ya ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa an iyakance musu kada su bar farce ya wuce kwana 40. Malamanmu sun so a riƙa yi kowace Jumma'a, domin mutum ya je masallaci tsaf.

To, Shari'a ba ta ce lalle sai hannunka ne zai riƙe almakashin ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an yi masa ƙaho, kuma ya biya mai ƙahon ladansa. Saboda haka samarin nan da ke zagaya kasuwa da tasha suna kaɗa almakashi, sana'arsu halal ce kamar ta wanzami, kuma sun fi mai zaman kashe wando nesa ba kusa ba. Tsoho mai rawar hannu, da makaho, da majinyacin da ba ya iya sunkuyawa ga ƙafarsa, duk rahama ce a gare su.

Amma fa akwai sharuɗɗa, kuma a nan ne mutane suke tuntuɓe.

Na farko, kada a ɗora wa farce abin da zai hana ruwa isa gare shi. Wanke hannu zuwa gwiwar hannu farilla ne, farce kuwa yana cikin hannu, kuma a mazhabarmu ta Imamu Malik sai an haɗa da cuɗawa. Muslim ya ruwaito cewa wani mutum ya yi alwala ya bar wuri kamar faɗin farce a ƙafarsa ruwa bai taɓa ba, Annabi ya umurce shi ya koma ya kyautata alwalarsa. In lam'a guda ta mayar da mutum, ina ga farata goma da aka rufe da roba? Lalle dabam yake, domin launi ne kawai yake bari, ruwa yana ratsawa. Jan farce kuwa yana da jiki, yana bushewa ya zama ɓawo. Kowa ya kankare da aska zai gane bambancinsu.

Na biyu, kada namiji ya riƙe hannun matar da ba muharramarsa ba da sunan gyara. Mace ta gyara wa mace.

Na uku, tsabtar kayan aiki. Likitoci sun tabbatar cewa ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana bin jini, tana kuma iya yin kwana 7 da ranta a jikin ƙarfe. Almakashin da ya fito daga yatsan wani da ɗigon jini, aka goge shi da soso da ruwan sabulu aka kawo naka, ba a tsarkake shi daga cuta ba. In za ka je, tafi da almakashinka ko sabuwar rezarka. Rigakafi ya fi magani.

Mu komo ga amarya. Alwalar da ta yi da wannan farce ba ta inganta ba, haka kuma wankan janaba ko na haila in ya kama ta a cikin kwanakin nan. Sai ta cire shi, ta sake wankan da alwala, sa'an nan ta rama sallolin da ta yi a haka bisa jerinsu, gwargwadon ikonta, ba da jinkiri ba. Kada wannan ya karya mata zuciya: ta yi ne bisa rashin sani, Allah kuwa Mai gafara ne. Laifin ya fi yawa a kanmu, iyaye da yayye, da muke kashe kuɗi wajen kwalliyar kwana bakwai, ba mu zaunar da yarinya mun karanta mata babin tsarki na Ahlari ba kafin ta tare.

Wani kuma ya kan tambaya ko yanke farce yana warware alwala. Ba ya warwarewa, ba kuma sai an sake wanke wurin ba. Haka Shehu Halilu ya kawo a Muhtasar ɗinsa.

Shawarata ita ce, mai lafiya ya sayi abin yankan farce ya ajiye a gida, ya yanke nasa ranar Jumma'a, ya duba na 'ya'yansa. Wanda ya zaɓi ya biya a yi masa bai yi laifi ba, amma ya sani kuɗin da ya miƙa aikin kaɗai suka saya. Tsarkinsa yana wuyansa, kuma ranar gobe shi za a tambaya game da sallarsa, ba mai shago ba.

Allah ya sa mu dace, ya karɓi ibadunmu. Wallahu a'alamu.