Tsibin Duwatsun Ennedi Kushewa Ce, Ba Taskar Zinariya Ba



Wanda ya taɓa bin hanyar Fada zuwa tsaunukan Ennedi, a arewa maso gabashin Cadi, ya ga tsibin duwatsu jere a gindin dutse, wani ya kai ƙugu, wani ya fi mutum tsawo. Kushewa ce ta mutanen da suka zauna Sahara tun tana da makiyayar shanu, tun kafin zuwan Musulunci. Shanun nasu na nan zane a jikin duwatsun. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin kayan tarihin duniya da ake kiyayewa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da ta taso a zauren Sarkin Hausawanmu, inda nake riƙe da littafi. Tun da zinariya ta bayyana a Tibesti a 2013, samarinmu ke tafiya arewa da na'urar gano ƙarfe. Wani da ya dawo ya ba da labari, yana dariya, yadda suka rushe tsibi guda da tsammanin dukiya. Abin da suka tarar: ƙasusuwan mutum ɗaya a naɗe, da 'yan tsakiyoyi. Suka watsar, suka wuce.

Hujjarsa ita ce ai kabarin arna ne. Na ce masa, ɗana, ka yi karatu rabi. Gaskiya ne fiƙihu ya san dukiyar jahiliyya da aka binne, ya kira ta rikazi, ya ɗora mata humusi. Amma Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda malamanmu na Malikiyya suka biya mana, ya lissafa tona kabarin jahiliyya don neman dukiya cikin abin ƙi. Kuma an ruwaito cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude.

Wasu dattawa na gudun kada kiyaye wurin ya zama girmama gumaka. Ba wanda ya ce a yi yanka ko roƙo a can. Cewa aka yi a bar dutse inda mai shi ya ajiye.

Mu baƙi ne a wancan yanki. Ƙasar Tubawa ce. Ranar da aka kama ɗanmu da ƙashin mutum a hannu, Sarki za a kira, ni kuma in rubuta takardar ban-haƙuri.