A Gyara Dokar Su Tare Da Masunta

Wannan jarida tana goyon bayan yunƙurin Majalisar Tarayya na sabunta dokar kare namun daji ta 1985, amma muna ganin wajibi ne a waiwayi dokar su ta 1992, wadda ta haramta zuba guba a ruwa, alhali kuwa har yau ana zuba ta, kuma raga mai ƙananan idanu tana kwashe 'ya'yan kifi a Kainji da Shiroro, har bandar da mata ke saye a kasuwar Suleja ta ƙanƙance, ta kuma yi tsada.

Ruwa amana ne. Lallai gwamnatin Neja ta zauna da sarakunan ruwa tun kafin a zartar da kowane gyara, ta damƙa musu ikon kama mai laifi.