Fam Miliyan 115 a Kan Wanda Ba Ya Cin Ƙwallo

A watan Agustan 2023 ƙungiyar Chelsea ta sayi Moisés Caicedo daga Brighton a kan kuɗin da ya kai fam miliyan 115. Duk wanda ya zauna a gidan kallon ƙwallo a Kawo ko Badarawa ko Unguwar Rimi a makonnin nan ya ji hukuncin da aka yanke tun kafin yaron ya sa riga: an zuba dukiya a kan wanda ba ya cin ƙwallo. Da ya shigo wasansa na farko ya jawo bugun fenariti, West Ham ta doke Chelsea da ci 3-1, sai aka rufe shari'a. Ba a sake buɗe ta ba ko a watan Yulin 2025, sa'ad da Chelsea ta lallasa PSG da ci 3-0 ta ɗauki Kofin Duniya na ƙungiyoyi, Caicedo yana tsakiyar fili yana aikin da aka saye shi dominsa. A lokacin kotun ta koma kan wani cinikin.

Da a ce yara ne kaɗai ke wannan alƙalanci, da ba a ɓata tawada a kai ba. Amma a cikin masu yanke hukuncin akwai ma'aikacin banki da ba ya ba da rance sai ya tantance takardu, da injiniyan da ya san gini ba ya tsayawa da fenti. Da zarar an zo maganar sayen ɗan wasa, tambayoyinsu biyu ne tak: nawa aka biya, kuma ƙwallo nawa ya ci. Wanda ƙungiyarsa ta saya yana tinƙaho da farashin, abokin hamayyarsa yana yi masa dariya da farashin, babu wanda ya tambayi wace ɓaraka aka sayo mutumin ya toshe. Wannan rashin fahimtar wasan ne daga mutanen da ke rantsuwa da ƙaunarsa.

Akwai dalilin da ya sa ido ya lalace haka. Kyamarar talabijin ƙwallo take bi, alhali mafi kyawun aikin ɗan baya yana faruwa ne inda ƙwallon ba ta je ba. Ya tsaya a wurin da ya sa abokin gaba ya fasa miƙa ta, ko ya matsa taku uku ya tilasta masa komawa baya. Harin da bai auku ba ba ya shiga bidiyon daƙiƙa talatin da ke yawo a WhatsApp da TikTok. Ga kuma shagunan caca da suka cika unguwanni, waɗanda suka koya wa matasa kallon wasa da tambaya ɗaya, wato wa zai ci kuma sau nawa. Wanda ya saka kuɗinsa a kan a zura ƙwallo uku, mai tsaron baya maƙiyinsa ne.

A Amurka, inda suke da tasu ƙwallon da ake runguma a gudu da ita, lamarin ya sha bamban. Kowane hari a wasan yana farawa ne daga hannun mutum ɗaya, majefin ƙwallo, don haka ɗaya daga cikin 'yan wasa mafi tsada shi ne ɗan bayan da aikinsa ya kutsa ta cikin masu kare majefin ya kayar da shi kafin ya jefa. A farkon Satumban 2018 ƙungiyar Chicago Bears ta karɓo irin wannan mafarauci, Khalil Mack, daga Oakland Raiders. Ta ba shi kwantiragin dala miliyan 141 na shekara shida, ta kuma sallama wa Oakland damarta ta zagayen farko a zaɓen sabbin 'yan wasa daga jami'o'i na shekarun 2019 da 2020. Mutanen Chicago suka yi ta murna, na Oakland suka yi ta tsine wa kocinsu Jon Gruden. Haka aka maimaita a Agustan 2025, da Dallas Cowboys ta saki Micah Parsons zuwa Green Bay Packers, magoya bayan Dallas suka yi ca a kan mai ƙungiyar, Jerry Jones. Duk wannan hayaniya a kan mutanen da aikinsu hana ci ne.

Ba wai 'yan kallon Amurka sun fi kowa hankali ba. Su ma suna ihu a ranar ciniki, suna kuma kuskure. Chicago ta tashi daga nasara 5 a kakar 2017 zuwa 12 a kakar 2018, amma ba ta ɗauki babban kofin ba, a 2022 kuma ta tura Mack gaba. Abin lura shi ne irin gardamar da tsarinsu ya tilasta musu. Tun da da damar gobe ake biyan cinikin yau, dole mai goyon baya ya tambayi kansa ko ƙungiyarsa ta kusa kofi har ta cancanci jinginar da shekara biyu, da kuma abin da za a rasa a wasu wuraren idan mutum ɗaya ya kwashe kaso mai yawa na albashi. Wannan gardama ce ta lissafi. Ta gidan kallo a Kaduna gardama ce ta gori.

Tarihin ƙwallon Turai da ake kallo kowane Asabar ya isa ya gyara wannan ɗabi'a, da ana tuna shi. A 2003 Real Madrid ta sayar da Claude Makélélé ga Chelsea a bazarar da ta ɗauko David Beckham. Ba ta sake ɗaukar La Liga ba sai 2007, ita kuwa Chelsea ƙwallo 15 kacal aka zura mata a gasar Firimiya ta 2004/05. A Janairun 2018 Liverpool ta biya Southampton fam miliyan 75 a kan Virgil van Dijk, aka ce ta haukace. An ci ta 38 a kakar da ya zo, 22 a ta gaba, ta ɗauki Kofin Zakarun Turai a 2019 da Firimiya a 2020 bayan shekara 30 tana jira. Mai gardama zai jefo sunan Harry Maguire, wanda Manchester United ta saya fam miliyan 80 a 2019, kuma yana da hujja. Sai dai hujjar tasa tana rushe ma'aunin farashi ne gaba ɗaya. Kuɗin kusan ɗaya ne, sakamakon ya bambanta, domin Van Dijk ya tarar da koci mai tsari aka kuma ƙara masa gola Alisson bayan wata shida, shi kuwa Maguire ya faɗa ƙungiyar da ke sauya koci da salo kamar riga.

Da abin ya tsaya a Landan da Madrid, da asarar ba ta wuce ta yawun baki ba. Amma da idon da ake kallon Chelsea ake kallon ƙungiyoyin gida. A Afrilun 2021 Ahmed Musa ya koma Kano Pillars, a kakar da take buga wasanninta na gida a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna. Labarin ya cika gari, kuma ya cancanta. Akwa United ce ta ɗauki gasar a shekarar, Musa ya wuce Turkiyya, a 2022 kuma Pillars ta faɗa rukuni na biyu. Laifin ba nasa ba ne, don ba a ɗora ƙungiya a kan mutum ɗaya. Amma shugabannin ƙungiyoyi, musamman waɗanda gwamnatocin jihohi ke naɗawa, sun san abin da ke kawo tafi. Muddin babban suna ne ke faranta wa jama'a, shi za a nema, a bar bango da tsaga, ƙadangare kuwa ba ya jiran gayyata.

Abin takaicin shi ne Kaduna ta san 'yan baya. A nan aka haifi Celestine Babayaro, wanda ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe na Olamfik na 1996 ya kuma koma Chelsea a 1997. A nan aka haifi Efe Ambrose, wanda ya taso a Kaduna United, ya tafi Ashdod ta Isra'ila a 2010, ya isa Celtic a 2012. Yana cikin waɗanda suka tsare baya a daren Nuwamban 2012 da Celtic ta doke Barcelona da ci 2-1, bayan wata uku kuma ya ɗauki Kofin Afirka da Najeriya. Ita Kaduna United ta ci Kofin Tarayya a 2010 bayan ta fitar da Enyimba a bugun fenariti, a 2014 kuma ta faɗi daga babbar gasa.

Akwai kuma kuɗin da masu haddace farashin Caicedo ba sa tambaya. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin haƙƙin ƙungiyoyin da suka raine shi ne tsakanin shekara 12 zuwa 23. Sa'ad da Real Sociedad ta sayi Sadiq Umar, haifaffen Kaduna, daga Almería a 2022 a kan kimanin yuro miliyan 20, wannan kaso ya kai yuro miliyan 1. Tun daga 2022 wani ofishin FIFA da ke Faris ne ke raba irin waɗannan kuɗaɗe, kuma da rajistar ɗan wasa yake aiki. Yaron da ya shekara biyar yana atisaye a filin makaranta a Tudun Wada ba tare da an rubuta sunansa a ko'ina ba, wanda ya horar da shi ba shi da ko sisi a ciki.

A farkon 2025 aka sanar cewa Sadiq Umar da Bello El-Rufai, ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Kaduna ta Arewa, sun karɓi ragamar Ranchers Bees, ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofuna a 1988, wadda kuma Daniel Amokachi ya fito daga cikinta. Kuɗinta ba na Chelsea ba ne. Ranar da za ta zaɓi tsakanin tsohon tauraron da zai cika fili na mako biyu da ɗan baya mai shekara 19 wanda ba a san sunansa ba a wajen unguwarsu, mutanen gidajen kallon Kawo da Badarawa ne za su zauna a kan benci su ce an yi daidai ko an yi asara.